Tudun da Ban Taɓa Hawa Ba

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai jego da tagwaye da babansu. Yaya ƙafarki? Kin ce min a waya kumburin ya sauka, amma na san halinki, ko tana ciwo ba za ki faɗa ba. Gida lafiya. Ina ba shukokinki ruwa, guda ɗaya ce kawai ta mutu, ita kuma tun kafin ki tafi ba ta da niyyar rayuwa.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da yake kiranki kullum. Dalili shi ne duk lokacin da na kira sai kin buɗe muryar wayar, falo gaba ɗaya yana saurare, ni kuwa ba na son maganar nan ta shiga kunnen 'yarmu tana fama da jarirai biyu. Zan riƙa ba direban bas ɗin safe, ya san gidan. Ki karanta ki ɓoye.

Ranar Litinin aka yi mana gwajin lafiya na shekara a tashar kwana-kwana. Tsohon likitanmu ya yi ritaya, wanda yake ɗora abin sauraro a ƙirjina ya ce, "Baba Direba, sai baɗi." An kawo wata sabuwa, ban ce ta girmi 'yarmu ba. Ta ɗora ni a sikeli, ya nuna kilo ɗari da huɗu. Na ce mata takalman aiki ne, nauyi gare su. Ta ce in cire. Na cire, sikelin bai ko lura ba. Ta auna jinina sau uku, kowane karo tana ƙara ɗaure fuska. A ƙarshe ta rubuta cewa ta ba ni wata uku in rage kilo takwas, hawan jinin kuma ya sauka, in ba haka ba a sauke ni daga motar kashe gobara.

Ki ji fa. Shekara ashirin da shida ina riƙe da sitiyarin nan. Na shigar da mota cike da ruwa lungunan da mai keke sai ya sauka ya tura. Yanzu wadda aka haifa bayan na karɓi lasisi ce za ta ce ban cancanta ba. Na faɗa mata haka, cikin ladabi. Ta ce ba hannuna take tsoro ba, jijiyar da ke kaina take tsoro, kada ta fashe ina tafe da mutane a bayana. Amsar da ta zo bakina ba ta ofis ba ce.

Ta ba ni takarda mai jerin abinci, kowanne da lamba a gabansa. Sunan lambar kalori, wai ita ce ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Ta ce kada in wuce dubu biyu a rana, in kuma riƙa motsa jiki.

Kin tuna Dogo, direban ɗaya motar, wanda kika ce in ya juya gefe ɓacewa yake yi? Shi ya kai ni ɗakin motsa jiki da ke bayan gareji. Shekara uku da hedikwata ta zuba injuna a ciki, ban taɓa leƙawa ba. Akwai wani injin tafiya, bel ne yake juyawa a ƙarƙashin ƙafarka, kana ta tafiya amma kana nan inda kake. A gabanka akwai allo. Ka danna nauyinka, ka danna sauri, sai kuma maɓallin tudu. Dogo a titi yake gudunsa, bai saba da injin ba, amma ya ce saboda gwiwata kada in yi gudu, in sa tudu a kan sha biyu in yi tafiya, wai hawan tudu ya fi ƙona kitse. Na danna, injin ya yi gurnani, lambar tudun ta hau. Minti hamsin na yi ina riƙe da ƙarafan gefe, rigata sharkaf. Allon ya rubuta na ƙona kalori ɗari bakwai da saba'in.

A nan Dogo ya gaya min abin da ya wanke min zuciya. Ya ce dubu biyun da likita ta rubuta na wanda yake zaune ne, abin da mutum ya ƙona kuwa nasa ne, yana da damar mayar da shi ciki. Na duba takardar, na ga farantin shinkafa da kwalbar lemo ba su kai ɗari bakwai da saba'in ba. Ashe abin ba wuya. Na sayi ɗan littafi ina rubuta komai, abin da na ci a hagu, abin da na ƙona a dama.

Don haka kada ki damu. Zan koma wurinta da kilo goma ma, ba takwas ba, in ga yadda za ta yi da fuskarta. Ki shafa min kan tagwaye, ki gaida masu gida.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yaran duka. Na ji an ce ƙaramin ya fara sanin fuskarki, Allah ya raya su. Kin ga na daɗe ban rubuto ba, a waya kuma ina ce miki komai lafiya. Yau dai ba lafiya ba ce, raina a ɓace yake, kuma babu wanda zan gaya wa sai ke.

Jiya mako shida cif, likita ta kira ni awon tsakiya. Na tafi da sabuwar riga, littafina a aljihu, har ina tsokanar masu jira a benci. Mako shida, Maman yara, ban tsallake rana ɗaya ba sai ranakun hutu biyu. Da safe kafin a karɓi aiki ina kan injin nan. Gwiwata tana kuka ina ce mata ta yi haƙuri. Na hau sikeli na ɗauke kai, ina jiran ta ce madalla.

Rabin kilo. Abin da na rage ke nan. Ko tafiya bayi mutum ya yi sai ya rage hakan.

Na ce sikelinta ya lalace. Ta sa nas ta hau, ya nuna daidai. Na fito da littafina na ajiye mata a tebur. Ta buɗe shafi biyu, ta rufe, ta tura min. Ƙofa a buɗe, nas a tsaye, abokan aikina biyu a benci, ta ce:

"Baba, ɗayan biyu ne. Ko dai ba ka hawa injin, ko kuma kana cin abin da ba ka rubutawa."

A rayuwata an kira ni mai taurin kai, an kira ni mai zafin rai, kin fi kowa sanin wadda take kirana haka. Amma ban taɓa zama a kujera aka kira ni maƙaryaci a gaban mutanen da nake koya wa ɗaurin igiya da sauran aiki ba. Ni da ko biskit ɗaya na ci a gidan maƙwabci sai na dawo na rubuta. Har gyaɗar da na tsinta a aljihun tsohuwar rigata tana cikin littafin nan, ranar Alhamis, shafi na tara. Na miƙe na ɗauki hulata. Da na fito, na benci suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, wannan ya fi maganar tata ciwo.

Na ga 'yar takardar da kika aiko ta hannun direban bas tun makon farko. Layi uku kika rubuta, biyu gaisuwa, na ukun kuma wai in bar shinkafar la'asar, kin ce ba ki taɓa jin inda aka rage ƙiba da ƙarin faranti ba. Ban amsa miki ba a lokacin saboda na ga ba ki fahimci lissafin ba. Bari in sake miki shi. Da safe shayi babu sukari da burodi yanka biyu. Da rana abin da ke takardar likita. Da yamma haka. Wannan dubu biyu ke nan. Farantin la'asar da nake ci wurin mai abincin ƙofar tasha, da lemo mai sanyi, wannan ladan gumina ne, na biya shi da ƙafata tun da safe. Ina laifina a nan? Lamba ce a hagu, lamba a dama. Ba ni na ƙirƙiro su ba, na hagu likita ce ta ba ni, na dama inji ne, kuma inji ba shi da dangi balle ya yi son kai.

Oga ya kira ni ofis da rana. Bai ɗaga murya ba, sai ma ya zuba min ruwa. Ya ce rahoton ya iso masa, yana so in taimaki kaina. Wato shi ma ya yarda ba na komai. Ofishinsa taku ashirin ne daga ɗakin motsa jiki, da ya taɓa zuwa aiki kafin ƙarfe tara da ya ji ƙarar injin da kunnensa.

Saura mako bakwai. Na yanke shawarar ƙara minti goma. Ban san me kuma zan yi ba. Ki yi min addu'a, kuma don Allah kada ki nuna wa kowa damuwa a fuskarki.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya, ina fatan an tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, in da jariri a hannunki ki miƙa wa uwarsa.

Shekaranjiya da safe ina kan injin, na yi minti goma, allo yana nuna ɗari da hamsin da wani abu, sai ƙararrawa ta buga. Kin san jikina ba ya shawara da ni in ya ji ta. Na diro, na zura kayan aiki, kafin minti biyu mun fita. Ba wata babbar gobara ba ce, tarin shara ne ya kama a bayan wani shagon tayoyi, muka kashe kafin ya taɓa katanga. Muka dawo, na juya motar na shigar da ita gareji da baya, na kashe. Da shiru ya sauka sai na ji wani abu yana gunji a baya. Na tuna ban kashe injin ba.

Na shiga ɗakin. Bel yana ta juyawa, tawul ɗina a rataye a ƙarfe, babu kowa. Na dubi allo. Minti hamsin da ɗaya. Kalori ɗari bakwai da tamanin da biyar. Ina tsaye ya koma da shida. Ya koma da bakwai.

Na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya kama ɓarawo a ɗakinsa yana gwada rigunansa. Wa ya ƙona su? Tawul? Ni ina can ina jan mesa a bayan shagon tayoyi, shi yana nan yana rubuta min ladan tafiyar da ban yi ba. Mako bakwai ina kawo wa abin nan gumina, ina kwafe maganarsa a littafi kamar ɗalibi, na je na ajiye shi a gaban likita a matsayin shaidata, ashe bai ma san ko ina kansa ko ba na kansa ba.

Na ƙwala wa Dogo kira. Ya zo ya gani, ya fara dariya, ya dubi fuskata ya haɗiye ta. Na ce ya ɗauka a wayarsa, ya ɗauka. Na aika aka kira makaniken tasha, wanda yake gyara mana famfunan mota. Mutum ne marar yawan magana. Ya kashe injin, ya kwanta a ƙasa da tocila, ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce in danna maɓallin tudu. Na danna, injin ya yi gurnaninsa na kullum, lamba ta hau zuwa sha biyu. Ya tashi ya je ya ɗauko ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ɗora a kan bel. Ɗigon ya zauna a tsakiya daram.

Ya ce, "Baba, ai wannan a shimfiɗe yake kamar tebur. Abin da yake ɗaga shi ya ƙone tuntuni. Gurnanin kawai ya rage."

Maman yara, ban taɓa hawa tudu ba. Ko sau ɗaya. Za ki ce ina idona yake. Ni ban taɓa ganin mai lafiya ba balle in san ɗagawa yake yi, na ɗauka tudun a cikin bel ɗin yake, wato yana ƙara masa tauri. Kuma ina gumi, ina haki, me zai sa in yi shakka?

Makanike ya zauna a benci ya yi min bayani. Ya ce injin ba ya auna jikin mutum sam. Nauyin da ka danna yake ɗauka, ya haɗa da sauri, ya haɗa da tudun da yake zaton ya ɗaga, ya buga lissafi ya fito da lamba. Ko buhun siminti ka ɗora, ko ba ka ɗora komai ba, lambar ɗaya ce. Ya mayar da tudun kan sifili ya bar shi ya yi minti goma, muka gani, ya nuna sittin da ɗaya. Wato a minti hamsin ɗari uku ke nan. Ya ƙara da cewa tunda ina rataye a ƙarafan gefe, hannuna yana ɗauke wa ƙafata aiki, ƙila ko ɗari ukun ban kai ba. Ni kuwa kullum ina zuwa ƙofar tasha ina cinye ɗari bakwai da saba'in, ina lashe cokali da zuciya ɗaya.

Duk wannan bai ƙona min rai ba kamar abin da ya biyo baya. Makanike ya ce ai mai kula da sito ya sani. Na same shi a ɗakinsa yana jera hulunan kwano. Na tambaye shi, ya ce ƙwarai, tun bara ya lalace, ya rubuta wa hedikwata takarda har biyu ba a amsa ba. Na ce to ni fa? Mutumin nan kowace safiya yana wucewa ta ƙofar ɗakin, yana ganina sharkaf da gumi, yana ce min sannu da ƙoƙari. Ya ce wai ban tambaye shi ba, kuma ya ga ina jin daɗin abina. Na fita, domin akwai gatari a bangon ɗakin kuma ina da jikoki.

Dogo ya biyo ni yana ba ni haƙuri kan shawarar da ya ba ni. Na ce masa shi da ko tukunya ya cinye ba a gani a jikinsa, bai kamata ya riƙa koya wa mutane cin abinci ba.

Gobe zan je wurin likita da hoton. Ba kilo nake so ta mayar min ba, maganarta nake so ta janye. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya kuke. Na gode da saƙo, amma kafin godiya akwai magana.

Direban bas ya miƙo min ƙaramin kwali, na buɗe na ga agogon hannu mai auna bugun zuciya, da 'yar takarda daga surukinmu yana min fatan nasara. Wa ya gaya masa ina neman nasara? Na ce ki karanta ki ɓoye. Yanzu ina tsammanin an karanta wasiƙar tudu a falo bayan cin abinci, an yi dariya har an tashi jarirai. 'Yarmu ta kira ni jiya, tana tambayar lafiyata da wata murya mai santsi, ina jin tana danne dariya. Ba komai. Na rubuta wannan ma a wani littafin daban, za mu yi maganarsa in kin dawo.

Na je wurin likita. Na rufe ƙofar da hannuna, na miƙa mata wayar Dogo. Ta kalli bel yana juyawa babu kowa, lamba tana hawa, ta sa hannu ta rufe baki. Ta sake kallo. Sannan ta ce in ba ta littafin. Wannan karon ta karanta shi shafi-shafi, har ta iso wurin gyaɗa. Ta ajiye, ta ce:

"Na yi maka rashin adalci, Baba. Ka yi haƙuri."

Na ce a gaban mutane ta faɗi waccan, wannan kuma a bayan ƙofa. Ta tashi ta buɗe ƙofar, ta sake faɗa da ƙarfi. Babu kowa a benci sai mai shara, amma na karɓa.

Sai dai ranar awon ƙarshe ba za ta matsa ba. Ta ce ba ita ta sa dokar ba, wata uku ne ga kowa, takardar ta riga ta tafi hedikwata. Wato hedikwatar da ta bar injin a lalace shekara guda ita ce ba ta jinkirta komai. Ta kuma ce ko injin lafiyayye ne, lambarsa kintace ce, yana iya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, kuma a cikin abin da yake nunawa har da wanda jikina zai ƙona ko da ina kwance a gado. Ta ce ita ba ta taɓa ce min in cinye abin da na ƙona ba. Na ce ba ta kuma taɓa ce min kada in cinye ba. An ba mutum takarda cike da lambobi, an tura shi wurin inji cike da lambobi, ba a ce masa wata ta gaskiya ce wata ta ado ba. Ta rubuta wani abu a fayil ɗina.

Na gwada agogon surukinki, don kada a ce na raina kyauta. Na ɗaura shi, na hau injin a shimfiɗensa, Dogo kuma ya sa min wata manhaja a waya ya zura min a aljihu. Tafiya ɗaya, ƙafa ɗaya, mutum ɗaya. Inji ya ce ɗari uku da biyar. Agogo ya ce ɗari huɗu da ashirin. Waya ta ce ɗari biyu da arba'in. Da shaidu uku ne a kotu da alƙali ya kore su duka. Washegari ina wanke mota, ina karkaɗa hannu da soso, agogon ya yi ƙara ya taya ni murnar yin iyo.

Na daina kallon kowannensu. Agogon ina duba lokaci da shi, a nan dai bai yi ƙarya ba tukuna. Yanzu a ƙafa nake zuwa aiki in dawo. Sannan akwai hasumiyar atisaye a bayan tasha, mai hawa biyar, inda ake koya wa sababbi hawa da mesa. Ranar farko na ce bari in nuna wa hasumiyar wanda ya yi mako bakwai yana hawan tudu. A hawa na uku na zauna a matakala, ƙirjina kamar ana hura wuta a ciki, ina ganin taurari da rana tsaka. A wurin nan na yi fushin da ban yi ba a gaban likita. Da tun ranar farko nan aka turo ni.

Na bar shinkafar la'asar. Mai abinci tana kallona in na wuce kamar na saki 'yarta. Saura mako biyar da kwana biyu, kilo bakwai da rabi. Na san lissafin ba ya fita, amma ba zan zauna ba.

Ki ce wa surukinmu na gode, da gaske nake. Ki kula da ƙafarki.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da babansu, ina gaida 'yan biyuna da ban gani ba sai a hoto. Na san kin ƙirga kwanaki, kin san Litinin ce ranar, kuma kin ji muryata a waya kin yi shiru ba ki tambaya ba. Na gode da wannan shirun.

Kilo casa'in da tara. Biyar na rage, ana neman takwas. Hawan jinin ya sauka, amma bai kai inda take so ba. Ta auna sau uku kamar ranar farko, na ga tana jinkiri tsakanin awo da awo, tana ce min in numfasa a hankali, in tuna wani abu mai daɗi. Bai isa ba. Ta sa hannu a takardar ina kallo. Abin da ta iya yi ta yi, ta rubuta cewa injin hukuma ne ya ɓatar da ni mako bakwai, don haka dakatarwa ce ta wata uku, ba saukewa ta dindindin ba. In na cike ukun da suka rage, jinin kuma ya daidaita, zan koma mota.

Kilo huɗu da rabi a mako biyar da rabi, Maman yara. Ki lissafa da kanki inda zan kai da an bar min makwannina duka. Wannan shi yake hana ni sukuni. Ban gaza ba, sace min lokaci aka yi, kuma wanda ya sata yana nan a ɗakinsa a jone da wuta, babu wanda ya dakatar da shi.

Tun kafin awon na rubuta wa hedikwata ƙorafi shafi uku, Oga ya sa hannu, makanike ya sa hannu. Wannan karon sun amsa, cikin kwana goma. Wani ma'aikaci ya zo da babur, ya shiga ɗakin motsa jiki, ya fito ya tafi. Na je in ga ko an gyara. Wata 'yar takarda ya manna a ƙasan allon, ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, an rubuta cewa lambobin da ke nan kintace ne kawai. Na danna maɓallin tudu. Ya yi gurnani, ya nuna sha biyu.

An mayar da ni ɗakin amsa waya. Ƙaramin ɗaki ne a gefen gareji, tebur ɗaya, wayoyi biyu, rediyon magana da motoci, da taswirar gari a bango wadda na fi ta sanin garin. Talata da safe na miƙa wa Dogo makulli. Ya ƙi karɓa, ya ce in ajiye a ƙugiya ya ɗauka da kansa. Na ce ya miƙo hannu, ni ba na ajiye makulli a ƙugiya. Na yi masa bayanin halayen motar, yadda giya ta biyu take gardama da sanyin safiya, da yadda ruwa yake tura ta a kwana in tankin rabi ne. Ya saurara kansa a ƙasa. Har yanzu ina jin haushinsa, amma direba ne mai kyau.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya waya ta buga. Wata mata ce, kicin ɗinta ya kama, tana kuka ta kasa faɗar sunan layinsu. Na tambaye ta abin da take gani daga ƙofa, ta ce tankin ruwa mai shuɗin fenti da wani shagon aski. Na gane wurin. Na danna ƙararrawa da hannuna. Sai kawai na gan ni a tsaye a bakin ƙofa, ƙafata ta riga ni tafiya. Na dawo na zauna, na ɗauki rediyo na gaya wa Dogo ya bi ta bayan makaranta, gaban kasuwa a cunkushe yake a wannan lokacin.

Motar ta tashi. Ta wuce ta jikin bangon ɗakin da jiniya, kofin shayina ya kama rawa a kan tebur, gilashin taga yana karkarwa, taswirar ma tana motsi a ƙusarta. Ashe in motar nan ta fita ginin gaba ɗaya girgiza yake yi. Ban taɓa sani ba, kullum ina cikinta.

Sun kashe wutar, babu wanda ya ji ciwo.

In mai jego ta yi ƙarfi, ki dawo. Na gaji da cin abinci ni kaɗai, kuma hasumiyar nan ina kaiwa hawa na biyar yanzu, babu wanda zan gaya wa in na dawo gida. Ki faɗa min ranar, zan zo tashar mota in tare ki, a ƙafa.

Mijinki mai jiranki,
Baban yara